Kalmomi Ukku na Mai Agogo da Inna ta Rimawa

Tsufa ya cinye mini abubuwa da yawa, amma bai ci ranar da wata tsohuwa tat tare mu bakin kasuwar Goronyo ba. Ku da kuka aikin tafinta yanzu, ku matso ku ji.

Shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ne, ina tafinta ga Baturen gona da ka zagayen Wurno, Rabah da Goronyo. Aikina in juya maganar talakawa zuwa Turanci, in juya tashi zuwa Hausa. Mutane sunka sa mai suna Mai Agogo, don ko gaisawa kuke idonai na ga wuyan hannu. Ba mugu ba ne, wallahi, gaggawa ce ta yi mai yawa. Kalmomi ukku ya rayu da su: birifli, wato a taƙaice, hari-of, wato a yi maza, sai sapot, wato goyon baya. Ni kau in yac ce birifli, sai in ce ma mutane, "Bature na gaishe ku, shina saurare." Ina ni ina ce ma dattijo ya taƙaita!

Ranar nan damina ta yi nisa, hadari ya haɗo daga gabas, muna son mu wuce Wurno kafin hanya ta jiƙe. Har direba ya tada mota sai ga tsohuwar, ƙafafunta duk laka. Daga Rimawa tat taso a ƙasa. Tad durƙusa tah hau gaisuwa: ina gajiya, ina damina, ina iyali, ina mutanen Sakkwato. Mai Agogo yad dubi hannunai.

"Birifli," yac ce.

Nic ce, "Inna, mi at tafe da ke?"

Tas sunkuyar da kai. "Malam, wancan ne na gidanmu. Igiyar ƙasa ta taɓa shi wurin noma."

"Wane ne shi, Inna?"

"Wancan dai," tac ce, tana jan gefen zanenta.

Kun san igiyar ƙasa maciji ne, ba a kiran sunanai in ya yi sara. Kuma uwata ma har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, wancan take cewa. Ɗan fari ke nan. Kunya ba ta barin uwa ta ambace shi, ko ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Matar da tat tako laka tun daga Rimawa don wancan, ai ba ɗan maƙwabta ta zo ma ba. Nit tambaye ta ko bakinai na jini. Tac ce awo, shina yi tun da safe. Kububuwa ce, kuma maganinta sai asibitin Sakkwato.

Nij juya ga Bature. Ranar nan na ba shi birifli ɗin da bai taɓa samu ba. Nic ce, "Ɗanta na fari. Maciji. Zai mutu."

Yad dubi tsohuwa, yag ga ko hawaye babu. Yac ce anya ɗanta ne? Nic ce ranka shi daɗe, in ba ɗanta ba ne da ta faɗi sunanai tun ɗazu.

To, doka ta hana a ɗauki wanda ba ma'aikaci ba cikin motar gwamnati sai da izinin Di'o, wato babban Baturen yanki, shi kau shina Sakkwato. Mai Agogo yac ce in Di'o ya tuhume shi, zan ba shi sapot? Nic ce zan ba shi, ko da aikina zai tafi. Yab buga rufin mota. "Hari-of!" Ban taɓa jin daɗin kalmar nan ba sai ran nan.

Munka nufi Rimawa, munka iske mutumin kwance a zaure, magidanci ne har da gemu, Umaru sunanai, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Anka shimfiɗa shi bayan mota. Nic ce ma Inna ta zauna ta tallabe kanai. Haba, ina! Taz zauna can wajen ƙafafu, tab ba shi baya, tana kallon gonaki kamar kasuwa za ta. Bature yay yi ƙunƙuni, wai wace irin uwa ce wagga.

Bayan Wurno ruwa yas sauko, mota na tsalle cikin ramuka, Umaru na nishi. Nil leƙa baya. Har yanzu ba ta dube shi ba. Amma ta zura hannu ƙarƙashin zanen da anka rufe shi, ta riƙe babban yatsan ƙafarsa mai lafiya, leɓɓanta na motsi. Nit taɓa Bature, yaj juya yag gani. Ni kau sai da nis share ido.

Di'o ya yi faɗa, na tsaya na ba da shaida, maganar ta mutu nan. Umaru ya tashi, sai ɗan ɗingishi.

Da rani muna Wurno sai ga Inna da kwandon albasa, Umaru na biye nesa da ita. Tad durƙusa za ta fara gaisuwa. Ina jiran in ji birifli. Sai nig ga Mai Agogo ya kwance agogon ya sa aljihu, yaz zauna bisa tabarma, yah hau amsa mata da guntuwar Hausarsa, ina gajiya, ina gida, har sai da ita tag gaji.

Abin da nik koya ke nan: taƙaita magana ba wuya, amma sai ka fara jin abin da mai magana ya kasa faɗi. Mutanenmu sun fi ɓoye wanda sunka fi so.

Da za ta tashi, Bature yan nuna Umaru yac ce da Hausa, "Inna, yaya wancan?"

Tak kau da kai tana murmushi. "Wancan ya gode."