Shekarar da kakana bai yi binne ba

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na faɗa wa kakana a gindin rumbu, ina ɗan shekara goma sha uku.

Ƙauyenmu yana kusa da Dogarawa. A lakwal, wato makarantar boko, mushenmu, malamin ajinmu, ya koya mana kada mu yarda da abin da ba mu ga hujjarsa ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan ta zauna mini. Na riƙa bin kowa da tambaya: yaya aka yi ka sani? Na tambayi inna kan aljanun tsamiya. Na tambayi liman kan kwanciyar kabari, ya kore ni da tasbaha.

Kakana kuwa mutumin binne ne. Kowace bazara, ƙasa na ƙuna, sai ya ɗauki sungumi ya sare busasshen rairayi, ya zuba irin hatsi, ya rufe da diddige tun ruwa bai sauka ba, ya bar wa Allah. Shekara biyu a jere fari ya cinye irin. A ta uku na iske shi yana murza zangarniyar ƙarshe cikin ƙwarya.

"Tsoho, wa ya ce ma ruwa na zuwa?"

"Wanda ya ce ma uwarka za ta haifi sarkin surutu," in ji shi, yana dariya.

Wasan jika da kaka ne, ya kamata in tsaya nan. Ban tsaya ba. Na ce bara ma an juya riguna an fita roƙon ruwa, me aka samu? Na ce ko ana jin addu'arsa ko ba a ji, shi bai sani ba.

Ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, "Gaskiyarka, ban sani ba." Ya rataye sungumin.

Da ruwan farko ya sauka, binnen maƙwabta ya tsiro. Kakana ya ce a jira na biyu, a tabbatar. Aka jira, aka ƙara jira. Damina ta ɗauke da wuri, hatsinmu ya bushe bai yi ƙwaya ba. Baba ya sayar da awakin inna ya tafi Sakkwato cin rani.

Kakana bai taɓa zargina ba. Bai bar salla ba, amma daga ranar in ya ce in sha Allahu, a hankali yake faɗa, kamar yana tsoron in ji.

Yau na wuce shekarunsa, na gaji, kuma amsar da na nema wurinsa ni ma ba ni da ita. Ku yara, ban hana ku tambaya ba. Roƙona kawai, in kun iske tsoho yana aikin da zuciyarsa ta dogara a kai, kuma ba ku da abin ba shi a madadi, ku yi masa sannu da aiki ku wuce.