Muciyar Katakon Majema

Mahaifina kafinta ne a Ƙofar Wambai, amma ban taɓa ganin ya sayi sabon katako ba. Katakan ɗora kaya yake saye, waɗannan da ake haɗawa da ƙusa kamar gado marar ƙafa, ana jibge buhuna da kwalaye a kansu a manyan motoci. In sun tsufa masana'antu su fitar, shi kuma ya kwaso a kura. Sai ya zare ƙusoshin, ya miƙe su ya tara a gwangwani, katakon kuma ya zama benci ko teburin mai shayi ko akurkin kaji. Guntayen da suka rage su ne itacen girkinmu.

A bakin wannan murhun kakarmu Ya Falmata, mahaifiyar Baba, take mana tatsuniya. Da an sauke tuwo an yi sallar magariba, sai ta jawo tabarmarta kusa da garwashi, ni da ƙanwata Zara mu manne mata. Tun tana budurwa aka kawo ta Kano daga Barno, amma har ta rasu harshenta bai saki Barno ba.

Akwai wata damina da Baba ya samo katako da arha daga wata majema, inda ake tara ɗanyun fatun shanu. Ban manta ranar da aka sauke shi a zaure ba. Baƙi ƙirin yake, yana maiƙo, gashin dabba ya daskare a jikinsa, cikin tsagoginsa kuma duk ɓawon tsutsa. Ƙudaje suka biyo shi har tsakar gida. Da Umma ta tura guntunsa a murhu, sai ya fara tsuwa yana fitar da wata kumfa ruwan ƙasa, hayaƙin ya tashi kamar an babbaka mushen jaki. Zara ta ruga bakin kwata ta yi amai. Tuwon daren nan kuwa, ko miyar kuka da ta sha daddawa ba ta iya danne warinsa ba.

Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa da kwanonsa. Ya ce, “Ai wuta tana cinye komai, Iya. Kuma in aka goge saman, cikinsa fari ne tas.”

Kaka ta zaro itacen da hannunta, ta kwara masa ruwa, ta wanke hannu har sau uku. Sannan ta zauna ta dube mu.

“Ga wata nan tafe, ku tare ta.”

Muka ce, “Mun tare, Kaka.”

Wai an yi wani masassaƙi, Tanko, mai son banza. Wata rana ya shiga wani kango, ya tarar da tsohon masai, katakan da aka rufe bakinsa suna nan, masu kauri, shekara da shekaru suna shan abin da suke sha. Ya toshe hanci ya ɓamɓaro su. Ya shanya, ya fere, ya sassaƙa muciyoyi, ya shafe su da man gyaɗa har suna ƙyalli, ya sa musu shaidarsa, zane uku na wuta a mariƙi. Ranar kasuwa mata suka wawashe.

Bayan kwanaki tuwon gidansa ya canza. Kullum sai ya suɗe kwano yana ce wa matarsa, “Kai, wannan hannu naki ya ƙara albarka!” Sai ta ce ba hannu ba ne, sabuwar muciya ce yayarta ta sayo mata a kasuwa. Ta ɗauko ta nuna masa. Zane uku a mariƙi.

Nan Kaka ta yatsina fuska ta tofar da yawu gefe, mu kuma muka yi ta “Tir! Tir!” muna rufe baki.

Tanko ya kasa faɗa, ya kasa ci. Ya kwanta ya ce ciki ke damunsa. Matar, baiwar Allah, ta dama masa kunu mai kauri don ya ji ƙarfi, da muciyar ta juya. Ya rame, idonsa ya zurma. Rannan yana kwance sai ya hango ƙaramin ɗansa ya rungume muciyar yana lasar tuwon da ya maƙale mata, yana bin tsagar katakon da harshe. Ya zabura da ihu ya fizge, ya faɗi komai.

Kaka ta sassauta murya. “Matar ba ta zage shi ba. Ta dai ce, ‘Wannan ka ƙwace a bakin ɗanka. Sauran fa, ’ya’yan wa ke lasarsu?’ Nan tatsuniyata ta tsaya, ba don ƙarya ta ƙare ba.”

Muka yi ta nacin ta gaya mana abin da Tanko ya yi, ta ce ita ma ba ta sani ba. Da na waiga, Baba ya shige ɗaki, ya bar tuwonsa a buɗe. Washegari babu katakon a zaure.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin tatsuniyar ƙazanta, irin wadda yara ke so don su yi ta ƙyanƙyami suna dariya. Sai bayan rasuwar Baba, ina da ’ya’yana uku, muna zaman makoki, wata maƙwabciya ta ce Allah ya jiƙan Malam Bukar, mutum mai kirki, sai dai ba ya cin tuwon gidan kowa. Gaskiya ta faɗa. Ko biki ko suna, sai dai ya ɗanɗana nama ya sa albarka. Mu mun ɗauka kunya ce.

Da mutane suka watse, Umma ta gaya mini. Ashe tun kafin a kawo guntayen gida, Baba ya riga ya fere muciyoyi daga masu kaurin katakon, ya sarar wa wata mai talla, Kaka kuwa ta gani. Bayan daren tatsuniyar nan, kwana biyu ya yi yana bin sawun mai tallar gida gida, daga Zangon Barebari har Ƙofar Kabuga, yana sallama yana cewa a miƙo masa muciyar, yana mayar da kuɗi, yana faɗin dalili da bakinsa. Wata ta watso masa ruwan wanke-wanke. Ya samo duka, sai guda biyu, waɗanda wata baƙuwa ta saya ta tafi.

Ina tunanin Kaka sosai yanzu. Ɗanta magidanci ne, ga matarsa ga ’ya’yansa, ba ta so ta tsinka shi a gabanmu, kuma ba ta iya yin shiru. Sai ta ba mu labarin, ta bar shi ya ɗauki nasa. Shi kuma bai taɓa yi wa kansa uzuri ba. Umma ta ce har a ciwon ajalinsa, da ƙanwarsa ta aiko da tuwon dawa mai laushi, ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya tambayi wadda ta kawo, “A ina ta sayi muciyarta?”