Hannun Iya a Maƙogwaron Mota

Ran nan wani maƙwabcinmu ya tsaya da motarsa daidai ƙofar gidana ya buɗe kanta, sai warin mai da ƙarfe mai zafi ya biyo iska har inda nake zaune ina tsince shinkafa. Na ajiye faifan. Ba ƙamshi ba ne da za a ce mutum ya yi marmarinsa, amma ni duk lokacin da ya bugi hancina sai in ga tsakar gidanmu na Madarumfa, da dammunan hatsi jingine a bango, da wata tsohuwa da ta juya wa ɗanta baya. Bari in ba ka labarinta, in kana da haƙurin saurare.

Kakata ce ta wajen uba, Iya muke ce mata. Gajeruwa ce, mai kaurin hannu, mai kaifin baki, ga son tsokanar jikoki. In ta kama ka da ba'a sai ka gwammace ta doke ka. Mutum ɗaya ne bakinta bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne Babanmu, domin shi ne ɗanta na fari. Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A zamaninsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ci da wuta. Kullum da safe Baba zai zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuwa ta amsa tana kallon bango kamar bangon ne ya yi gaisuwar. In magana ta kama, ni ake kira. Ni ce babbar 'yarsa, kuma tun ban iya ɗaura zane da kyau ba na zama bakin da ke tsakaninsu. "Ke, tahi ki ce ma wancan," haka take farawa, shi kuwa wancan ɗin yana nan tsaye, tsakaninsu bai fi tsawon taɓarya ba.

Baba ya daɗe yana bin manyan motoci, tun yana yaron mota har ya zama direba. Iya ta sha zaman jira, wata da watanni ba a san inda yake ba. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe, ya dawo gida ya zauna. Da ita yake kwasar kifin masunta daga bakin tabki, da tumatir da albasa na masu lambu, ya kai Maradi, ranar kasuwa kuma ya cika ta da mutane zuwa Ɗan Issa. Kafin magariba yana gida. Motar ta ga duniya kafin ta zo hannunmu, ƙofa ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta, amma mu a wajenmu ko ta kwamanda mai mulkin yankinmu ba ta kai ta ba.

A wani lokacin girbi, shekara biyu ko uku bayan farin nan da ya cinye dabbobin mutane, motar ta kama ciwo. In an tayar da ita sai ta riƙa rawar jiki, ta yi tari, ta mutu. In ka kasa kunne za ka ji wani siririn tsaki yana fita daga gefen injin. Baba ya ce iska take sha ta inda bai kamata ba. Akwai wani ƙarfe mai rassa da ke manne a jikin inji, ta cikinsa mai da iska ke bi su shiga ciki, Baba maƙogwaro yake kiransa, mu ma muka bi shi. Tsakanin maƙogwaron da jikin inji akwai wani abu kamar takarda mai kauri da ke toshe kafa, shi ake ce wa juwan. Baba ya canja shi, tsakin ya ɗauke na 'yan kwanaki ya dawo. Ya sake canjawa, ya sake dawowa. Ya nemi wani maƙogwaron a Maradi bai samu ba, ya aika Katsina nan ma babu.

Ana cikin haka wani Alhaji mai manyan motoci ya aiko masa, yana neman direba zuwa Kurmi, ya ce zai jira shi har bayan Juma'a. Baba ya faɗa wa Innarmu a tsakar gida, da ƙarfi yadda za a ji daga ɗakin Iya, cewa zai kwance maƙogwaron ya duba da kansa, in ya gyaru to, in bai gyaru ba zai sayar da gawar motar ya karɓi aikin. Iya tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ba ta ɗaga kai ba, amma na ga mazarin ya tsaya. Ta tsufa a lokacin, ƙafafunta sun fara kumbura, kuma kowa a gidan ya san abin da take tsoro, kada ya tafi ta mutu ba ya nan. Ba wanda ya isa ya faɗa, ita kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Aka turo motar ta ƙofar baya zuwa gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida. Ina son in gaya maka yadda Baba yake aiki, don har yau ban ga mai natsuwarsa ba. Sai da ya share wurin tas ya shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ya cire wayar batir tukuna. Ya kwance tukunyar tace iska, ya zare bututun mai ya toshe bakinsa da guntun kara, ya saki sandar da ke zuwa wajen takalmin ba da wuta. Duk abin da ya cire sai ya ajiye shi a kan tabarma daga hagu zuwa dama, yadda in ya zo mayarwa zai bi sahu daga dama zuwa hagu. Kusoshin kuwa bai zube su wuri ɗaya ba, kowane ya ajiye shi daidai da ramin da ya fito. Ɗaya ya cije, bai yi masa ƙarfi ba, ya ɗiga masa kananzir ya je ya yi sallar azahar ya dawo. Da maƙogwaron ya rabu da jikin injin sai ga ramuka baƙaƙe sun buɗe baki.

A ranar matan gida suna sussuka, ƙaiƙayi na tashi ko'ina, yana shiga ido da wuya. Baba ya dubi ramukan, ya dubi matan, amma aikin na uwarsa ne, ba shi da bakin hanawa. Sai na ji Iya ta kira ni.

"Ke, tahi ki ce ma matan nan su kwashe turamensu su koma bayan rumbu. Ƙaiƙayi na sa ni tari."

Iya da ta yi shekara da shekaru tana shiƙa ba a taɓa jin tarinta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanenta, ta yage shi gida-gida ta miƙo mini ba tare da ta ce a kai wa kowa ba. Baba ya cusa tsumma a kowane rami.

Da ya kankare tsohon juwan ya wanke fuskar maƙogwaron, sai ya zare gilashin ƙofar mota, ya kwantar da shi a kan katako, ya shafa masa baƙin gindin tukunya. Ya ɗora fuskar ƙarfen a kai ya ɗaga. Baƙin ya kama gefe da gefe, tsakiya kuwa fari fat. Ƙarfen ya lanƙwashe, ga alama wani ya taɓa ɗaure shi da ƙarfin tsiya ta gefe guda tun kafin motar ta zo gidanmu. Magani ɗaya ne, a goge shi a kan gilashin da lallausan yashi da mai har fuskar ta daidaita. Aka aiki ƙannena gulbi suka ɗebo yashi, Inna ta tankaɗe shi da rariya.

A nan ne natsuwar Baba ta ƙare. Mutum ne mai ƙarfi, ga Juma'a na matsowa. Ya dinga dannawa yana gurzawa gaba da baya, zufa na zuba, in ya gwada sai ya ga gefe ɗaya ya ci, ɗayan yana nan. Ya juya ya danne ɗayan, na farkon ya koma sama. Iya na kallo da wutsiyar ido.

"Ce ma wancan niƙa ba kokawa ba ce."

Na faɗa. Baba ya ce, "To, Iya," ya ci gaba da kokawarsa. Ranar Juma'a da hantsi ya sake gwadawa, ya daɗe yana duban ƙarfen, sannan ya ajiye shi. Ya ce wa Inna, wannan karon a hankali, ta wanke masa rigunansa na tafiya. Ya yi wanka ya tafi masallaci. Ni kam na shige bayan rumbu na yi kuka, ba na ɓoye maka.

Da na fito sai na tarar da Iya durƙushe a gaban gilashin, ta ɗaure zanenta a ƙirji yadda take yi in za ta hau dutsen niƙa. Ta share yashin da Baba ya jibga, ta barbaɗa ɗan kaɗan da yatsu uku, ta ɗiga mai. Ta kama ƙarfen da hannu biyu, ba ta danna ba, nauyinsa kawai ta bari. Ta riƙa kewayawa da shi a hankali, ta juya shi, ta sake kewayawa, kanta a karkace tana sauraren kukan yashin. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar hannuwan nan ba, duk da kantar da ke jikinsu. Ƙafafunta masu kumburi suna ƙarƙashinta, na san suna yi mata zogi, amma ba ta gyara zama ba. Da ta ga ina kallo sai ta harare ni.

"Mi kike kallo, mai idon mujiya? In kin hwaɗa ma wani sai na aske miki kai."

Da ta ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci ta miƙe da ƙyar, ta wanke hannu da toka, ta koma kan kaɗinta. Baba ya shigo, ya zo zai tattara kayan aikinsa, sai ya tsaya. Ya ɗauki maƙogwaron ya juya fuskarsa ga rana. Ya shafa baƙin tukunya a gilashi, ya ɗora, ya ɗaga, baƙin ya kama ko'ina daga wannan gefe zuwa wancan. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi abawar da ke hannun Iya, ga tabon baƙin mai a jikin farar audugar. Ya tuɓe rigar Juma'arsa ya ba Inna.

Ya samo kwali mai kauri ya ɗora a kan fuskar ƙarfen, ya bi gefe-gefe da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa har sabon juwan ya fita da kansa, da ramukansa daidai. Ya shafa masa maiƙo. Ya zare tsummokin nan ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa kowane rami don kada zare ya saura. Ya ɗora maƙogwaron, ya kama kusoshin da yatsu tukuna, sannan ya ɗauki makullin ɗaure kusoshi ya fara daga tsakiya yana fita waje, wannan kaɗan, na daura da shi kaɗan, ya zagayo ya sake bi, bai bar ko ɗaya ya riga 'yan'uwansa ɗauruwa ba. Ya mayar da sauran kayan daga dama zuwa hagu har tabarmar ta koma wayam. Ya yi bisimilla ya murza makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya ta kama, ta tsaya a kan murya guda. Ya kai kunnensa gefen injin ya daɗe a nan. Babu tsaki.

Da baƙin hannunsa ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. "Iya, Allah shi saka da alheri. Allah shi ƙara girma."

Ta juya fuskarta ga bango. "Ke, ce ma wancan shi kashe abin nan, yana hirgita mani kaji." Mazarin ya kuɓuce mata ya gangara ƙasa, ta bar shi a can.

Yanzu duniya ta canja. Motocin yau in sun yi ciwo na'ura ake jona musu, abin da ya lalace a jefar a sayo sabo, ba mai durƙusawa ya goga. 'Yata kuwa sunan ɗanta na fari take kira gatsau, ta rungume shi a gaban mutane, in ya yi tafiya ta kira shi a waya ta ce ta yi kewarsa. Da farko abin ya riƙa ba ni kunya, yanzu na daina ganin laifinta, watakila ma ta fi mu samun sauƙi. Sai dai ina jin haushi in na ji yara suna cewa iyayen da ba su san son 'ya'yansu ba. Baba bai tafi Kurmi ba, bashen nan ta ci gaba da kai kifi Maradi tana dawowa kafin magariba. Damina ta uku bayan wannan Iya ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Har ta cika ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko sau ɗaya. Amma da aka kai ta makwanci, shi ne ya sauka cikin kabarin ya miƙa hannu ya karɓe ta, domin yana gida.