Tambaya Ɗaya a Tagar Magani

Mai ba da magani a asibitin tana hango shi ta taga. Dattijo ne dogo, ya ware daga layi ya jingina da bango, takunkumi a fuska. Rigarsa ta sha guga, amma ta yi masa yawa kamar ta aro. Hannuwansa duk kanta. Tana rayawa a ranta ko kafinta ne ko maƙeri, irin mutanen da a da ko zazzaɓi ba ya kwantar da su. Yanzu kuwa da wani ya yi tari sai ya ja baya, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi.

Da aka zo kansa, ya miƙa takarda da hannu biyu. An yi masa dashen ƙoda, magungunan dashen sun raunana garkuwar jikinsa, har funfuna ta kama masa baki da maƙogwaro. Ko yawu zai haɗiya sai ya runtse ido.

Ta miƙo masa maganin ta ce, "Baba, ƙwaya ɗaya kullum. Ko ka ji sauƙi kada ka daina."

Bai karɓa ba. Ya dafa gefen mararsa a hankali.

"'Yata, ba zai taɓa ƙodar ba?"

"Likita ya duba, Baba, kuma za a riƙa auna jininka."

"To, madalla. Ko bakin nan ya hana ni cin abinci, yunwa dai zan jure. Amma ƙodar nan ba tawa ba ce, ƙanwata ce ta ba ni amana."

Sai a lokacin ya buɗe tafin hannunsa.