Baba Sabo Direba da Haƙurin da Ban Kai Kahu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Sabo Direba ya rasu.

Labarin ya same ni yau da safe, ƙarfe bakwai saura minti takwas. Sai da na duba wayata kafin in rubuta, don kada in yi kuskure. Yayana ne ya kira ni daga bakin tasha, ya ce, "Nura, a tsaye kake ko a zaune?" Na ce a tsaye. Ya ce, "To zauna."

An ce kwana biyu ya yi yana jinya a gida, ya cika bayan sallar asuba. Ban san ainihin ciwon ba, don haka ba zan faɗi abin da ban sani ba. An yi jana'izarsa ƙarfe sha ɗaya a nan Rano.

Ga waɗanda ba su san shi ba, direban haya ne, Rano zuwa Kano. Asalinsa mutumin Kahu ne. Ba mu haɗa komai da shi ba ta jini. Amma shekara huɗun da na yi a jami'a, in ka cire sau uku ko huɗu, a motarsa nake tafiya, a motarsa nake dawowa.

Tun ranar farko ya lura mota tana juya mini ciki. Mako na zagayowa na tarar ya ɗora hularsa a kujerar gaba. Duk wanda ya zo zai zauna sai ya ce, "Da mai shi."

In Inna ta daka mini garin kunu ko yaji, shi take kai wa. Ya kira ni, in je tashar Unguwa Uku a Kano in karɓa.

In mun zo Karfi lokacin masara, sai ya tsaya ya sayi gasassa guda biyu, ya ba ni babbar.

Shi ne mutum na farko da ya san ina rubuta gajerun labarai. Ya gan ni da littafi a cinya ina ta soke layi, ya ce in karanta masa. Daga nan ya zama al'ada. Ina karantawa, yana tuƙi, fasinjoji na baya suna tsoma baki. Shi ya sa mini Mai Biro, har 'yan tasha suka ɗauka.

Akwai ranar da na karanta rabi na tsaya, na ce shirme ne, ni ban iya komai ba, na yage shafin. Ya rage gudu ya kalle ni.

"Da ƙanenka ne ya rubuta wannan ya kawo maka, haka za ka ce masa?"

Na ce a'a.

"To kai ma ɗan wani ne. Ka daina zagin ɗan mutane a motata."

Da na faɗi kwas ɗaya a aji biyu, kwana uku ban gaya wa kowa ba sai shi. Ya ce shi sau biyu ana korar sa daga koyon mota, na biyun ma katangar wani ya rusa da ribas. Ya ce, "Ga shi yau har malaman jami'a nake ɗauka. Ci masararka."

Yanzu zan faɗi abin da ya fi damuna. Da yawanku kun san shi, domin ta wayoyinku ya bi.

A farkon shekarar nan, wata ranar Litinin muna jiran mota ta cika, Baba ya ba ni labarinsa da ƙanensa Malam Hudu, wanda yake noma a Kahu. Shekara tara suka yi ba sa magana saboda iyakar gona. Akwai wata kalma mai zafi da ta shiga tsakaninsu, ya gaya mini ita. Sai a babbar sallar bara Allah Ya daidaita su. Yana ba ni labarin yana goge ido da gefen hula. Murna ce ta sa shi faɗa.

Ni kuma na koma makaranta na mai da shi labari, na tura a guruf ɗinmu na marubuta.

Sunaye kawai na canza. Na bar cewa wan direba ne. Na bar sunan garin. Na bar yawan shekarun, na bar itacen da ke kan iyakar, na bar kalmar nan yadda aka faɗe ta. A tunanina a lokacin, in ka taɓa abin da ya faru ka yi ƙarya. Na tsaya tsoron kuskure a takarda, ban tuna cewa mutanen suna raye ba, suna da 'ya'ya, suna da surukai.

An yabe ni a guruf. Na ji daɗi na kwana shida.

A rana ta bakwai aka gaya mini wani ya karanta shi a waya, a majalisa, a Kahu, Malam Hudu yana zaune. Kafin a kai rabi kowa ya gane. Malam Hudu ya tashi ya shiga gida. Washegari ya sa aka mayar wa Baba buhun takin da ya kai masa, ya ce a gaya masa tun da sirrin gidansu ya zama na hira a tasha, kowa ya zauna inda Allah Ya ajiye shi.

Sulhun da aka yi shekara tara ana nema, na kwance shi da shafi huɗu.

Na goge labarin daga guruf, amma ya riga ya fita.

Abin da na yi bayan nan shi ne guduwa. Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya ban taka tashar Rano ba. In zan je Kano sai in taka har bayan gari in tari motar da ta taso daga Kibiya. Baba ya kira ni sau biyar, ina kallon wayar har ta katse. Na daina rubutu gaba ɗaya. Sakamakonmu na ƙarshe ya fito, na ci, ban gaya masa ba. Mutumin da ya kai ni rajista.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kwana ashirin da uku ke nan yau.

Ina tsaye a bakin titi a bayan gari da takarduna, sai ga motarsa. Na juya baya kamar ina amsa waya. Ta wuce ni kaɗan, ta tsaya, ta dawo da baya.

"Mai Biro! Wayar ma a juye ka riƙe ta. Shigo."

Na ce, "Baba, ai motar ta cika."

Ya juya wurin wata dattijuwa a baya ya ce, "Hajiya, a matsa masa, amma ki kama bakinki. Ɓarawon labari ne, kafin mu kai Bunkure ya sayar da ke."

Ta ce, "To ai ni nema nake a rubuta nawa, ko 'ya'yana sa ji kunya su zo gaishe ni."

Duk motar aka yi dariya. Ni dai kaina yana ƙasa har Kano.

Da kowa ya sauka a Unguwa Uku, ya ce in dawo gaba. Na fara ba shi haƙuri, maganar tana sarƙewa. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ka yi laifi. Ba zan ce maka ba ka yi ba. Na kwana biyu ina jin zafinka. Amma gudun da ka yi ya fi labarin ciwo."

Na ce na daina rubutu, ba zan sake ba.

"Wa ka ba wa wannan? Ni ko Hudu? Wanne cikinmu zai ci barin rubutunka ya ƙoshi?"

Ya ci gaba.

"In direba ya buge akuya, tsayawa yake ya nemi mai ita, ya kalle shi ido da ido ya ba shi haƙuri. Sannan ya koma mota, don akwai mutane a ciki suna jira. Ba ya jefa makulli a rijiya ya ce ya tuba. Kai ka jefa makulli, kuma ba ka nemi mai akuya ba."

Ya ce shi ya yafe tun tuni. Wanda ya rage Malam Hudu ne. Ya ce in je Kahu da ƙafata, in same shi.

Na ce ranar Asabar, in Allah Ya yarda.

Ya tambayi sakamako, na gaya masa. Ya daki sitiyari har hon ya yi ƙara, ya leƙa ta taga yana gaya wa 'yan kamasho, "Yaron nan nawa ya gama!" Ya ce rubutu kuma in ci gaba, ko layi biyu a rana, ko marar kyau ne. "Sai dai in na mutum ne, ka tambaye shi. In ya ƙi, ƙirƙiro naka. Ai kai ma Allah Ya ba ka kai."

Asabar uku suka wuce ban je ba.

Ta farko na ce ana ruwa. Ta biyu na ce ban shirya abin da zan faɗa ba. Sau shida na rubuta ban haƙurin a takarda ina gyarawa, don kada in faɗi kalmar da za ta ƙara ɓata abu. Ta uku har na hau babur, na kai rabin hanya na ce wa mai babur ɗin mu koma.

Ina jiran sai na shirya tsaf. Ban san lokacin Baba ake ci ba.

Yau a maƙabarta na ga Malam Hudu. Shi ya shiga kabarin ya karɓi ɗan'uwansa. Da aka dawo ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi, na daɗe a tsaye jikin bango. Ba takarda a hannuna, kuma duk abin da na haddace ya gudu. Da mutane suka ragu na je na durƙusa a gabansa, na yi masa gaisuwa, na ce, "Baba, ni ne Nura. Ni ne na rubuta."



Ya ce, "Na sani. Ya kwatanta mini kai. Ya ce zan ga wani siriri yana raɓe-raɓe kamar marar gaskiya."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Ai ya riga ka zuwa. Juma'ar da ta wuce ya ajiye mota ya zo Kahu, ya same ni a gona. Na ƙi ɗagowa. Ya tuɓe riga ya ɗauki fartanya ya kama kunya ɗaya, mutumin da rabon sa da noma ya fi shekara ashirin. Da na ga yana haki na ce ya bari, kada ya kashe mini dawa. A nan muka zauna. Ya ce shi ya saki baki, yaro kuwa abin da ya ji ya ɗauka. Tare muka je masallaci."

Aka miƙo masa ruwa.

"Ya ce za ka zo, ko ba yau ba. Ya ce in ka zo kada in yi maka faɗa, wanda kake yi wa kanka ya isa. To tashi, ɗana. Na yafe. Da na kai shi rami muna gaba, da ban san abin da zan ce maka ba. Amma Allah bai yi haka ba."

Kwana biyar tsakanin wannan Juma'a da yau. Na ƙirga sau da yawa. Kwana biyar kacal.

Ban ce zuciyata ta huce ba. Aikin da ya kamata in yi, dattijo marar lafiya ne ya je ya yi mini shi a tsakiyar rana. Zan daɗe da wannan. Amma ina ƙoƙarin kada in mai da shi wani sabon dalilin ɓuya.

Kafin in taso na tambayi Malam Hudu ko zan iya rubuta wannan. Ya ce in rubuta, amma ban da kalmar nan da cikakken bayanin rikicin gonar. Haka na yi. Na karanta wa babban ɗan marigayin a waya kafin in saka, shi ma ya amince.

Ina da roƙo guda biyu.

Na farko, duk wanda wancan labarin yake cikin wayarsa har yanzu, don Allah ya goge shi. In ka tura wa wani, ka gaya masa shi ma ya goge. Ba nawa ba ne, kuma masu shi sun rufe maganar.

Na biyu, addu'a. Ya bar mata da 'ya'ya bakwai, da ƙane guda ɗaya.

Ya Allah, bawanka Sabo ya zo gare Ka yana mai yafe wa wanda ya ɓata masa, Ka yafe masa. Ya rufa mini asiri a lokacin da na tona nasa, Ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa da Malam Hudu haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, ba mu bar kowa yana jiran mu ba.

Wanda duk ya karanta har nan, ko bai taɓa shiga motarsa ba, ya tsaya ya ce Allah Ya jiƙan Baba Sabo.