Ƙafar Inna a Sitad

Ni ce ƴar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In ranta ya yi fari kuwa sai ta ce "mutanen gidan nan", ko da ni kaɗai ce tsaye a gabanta. Haka matan Damagaram na zamaninta suke kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban idonsa, ba a kai masa kuka. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Na san tana sona, ita ma ta san na sani, muka zauna a haka har na yi furfura.

Bayan rasuwar Baba ta dawo gidana a Wadata, nan Yamai, inda nake koyarwa a wata lakwal. Ba ta daɗe ba ta fara rama, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Na kai ta wurin likita, ya auna, ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinta. Ya rubuta magani, sannan ya dube ta ya ce, "Hajiya, ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Sai kin riƙa tafiya kullum. In ba haka ba jini zai daina isa ƙafa, kin kuwa san abin da ke biyo baya."

Ta sani mana. Yayarta da suke ciki ɗaya, wannan ciwon ne ya sa aka yanke mata ƙafa daga gwiwa, aka naɗe ƙafar a farin ƙyalle aka kai maƙabarta, ita mai ƙafar tana kwance tana jin fitar maza daga gida. Inna na wurin a ranar. Da muka fito daga wurin likita muka shiga taksi za mu koma gida, ta juya fuska wajen taga ta ce, kamar da hanya take magana, "Ni dai kada a kai ƙafata kushewa ina raye."

To, ina tsohuwa za ta yi tafiya a Wadata? Mun gwada, wallahi mun gwada. Kafin mu kai bakin titi mutum biyar sun tare mu. "Hajiya, ina zuwa da sassafe haka?" Mai shago ya fito da kujera. Tela ya ce a ba shi saƙon ya aika. Maƙwabcinmu ya tsaya da moto, wato babur, ya rantse sai ya kai ta, wani mai taksi Bazabarme ya buɗe ƙofa yana ta fofo, fofo, irin gaisuwarsu, wai ba zai ga uwa tana taka ƙasa ya wuce ba. Ladabi ne, na sani, amma ladabin nan ya kusa sa ni zagin mutane. Ita kuwa Inna abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta da amsa. Me za ta ce, ba ko'ina za ni ba? Rana ta uku ta zauna a kan tabarmarta ta ce, "A gaya wa likitan nan ni ban zauce ba. Mutum da hankalinsa ya kama tafiya ba wurin zuwa?"

Wata abokiyar aikina ce ta ce in kai ta sitad. Babban filin wasan nan na gari nake nufi, wanda sunan wani tsohon shugaban ƙasa ke jikinsa amma kowa sitad yake cewa. Ni a sanina wurin ƙwallo ne, ranar da ƴan wasan ƙasa za su kara da baƙi hanya ta cushe, sai kuma mawaƙa da manyan taruka, in lasifika ta tashi har unguwanni ana ji. Ashe bayan sallar asuba wata duniya ce daban. Jama'a ce ke zagaya ginin ta waje, a cikin shinge: alhazai masu tumbi, sojoji da suka ajiye aiki, matan ma'aikata da hijabi har ƙasa da takalmin gudu, ƴan mata masu tsalle da igiya, can gefe masu koyon dambe da fararen kaya suna ihu. Kowa na tafiya, ba mai wurin zuwa, ba kuma mai tambayar wani ina za shi.

Da muka sauka daga taksi Inna ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon ginin, da dogayen ƙarafan fitilun nan da suka tokare sama. Na zaci tsoro ne ya kama ta. Sai na ji ta ce, "Ikon Allah. Murhuna can yake."

Na san labarin sama-sama, don ina lakwal aka yi shi. Aikin ginin sitad ɗin ne ya kawo iyayena Yamai. Baba magini ne, ya shiga cikin waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin Sinuwa, mutanen Sin da suka zo suka tsara ginin, Inna kuma tana dafa wa leburori shinkafa da wake a bakin shinge. Abin da ban sani ba shi ne tun da aka gama ginin ba ta taɓa taka wurin ba. Ranar da aka buɗe shi Baba ya tafi da ƙannena maza, ita ta zauna gida, wai me mace za ta je yi a filin ƙwallo.

Ranar nan ta zagaya sau ɗaya ba ta ma san ta yi ba, saboda baki bai huta ba. Ba da ni take magana ba, a'a, da iska take yi, ni dai ina gefe ina kwasa. Nan fili ne fetal, sai ciyayi da awaki. Nan aka jibge siminti har ya fi gida tsawo. Nan wani Basine yake zuwa da ƴar tasarsa, ba Hausa ba Zabarmanci, ya nuna tukunya da yatsa, ya ci yaji ya yi ta hawaye, gobe ya dawo. Nan "shi", wato Baba, don shi ma ba ta kiran sunansa, ya taɓa saukowa daga kan katako da hannu duk jini, ya ɗaure da tsumman tukunyarta ya koma sama. Ta dafa bangon da tafin hannu ta ce, "Aikin mutanen da. Dubi, ko gezau." A wata ɗaya na ji labarin uwata da ubana fiye da abin da na ji a duk rayuwata.

Muka mai da shi aikin kullum. In an rufe ƙofa saboda wasa ko wani taro, sai ta wuni tana tsaki, wai an hana mutane harkarsu saboda yara masu bin ƙwallo. Daga zagaye ɗaya ta kai uku. Tana ja da carbi, tana amsa gaisuwar wasu tsofaffi da suka saba ganinta. Sukari ya fara sauka, likita ya yaba. Ni kuwa kaina ya kumbura, duk wanda na gani sai na ba shi labari.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: silifas take sawa, ga tsakuwa, likita kuma ya ce a sami takalmi rufaffe. Sai na ce zan saya mata. Amma yaya zan san awon ƙafarta? Wani zai ce, ki ce ta miƙo mana. Hmm. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba ba zai gane ba. Ni ban taɓa riƙe ƙafar Inna ba, ko lalle ƙanwata auta ce ke ƙunsa mata kafin ta yi aure ta koma Tawa. Don haka na faki idonta tana salla, na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon silifas ɗinta, na shiga kasuwa da shi. Na zaɓo fari tas, mai igiya, da safa biyu. Tsawon ya yi daidai. Faɗin ne ban auna ba, ban kuma san ƙafarta na kumbura ba.

Na ajiye a gabanta na ce, "Inna, a gwada." Ta sa, ta miƙe, ta taka. Na ce, "Sun yi?" Ta dubi bango ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Wayyo, daɗin da na ji a ranar! Na shige ɗaki ina murmushi ni kaɗai kamar ƙaramar yarinya, da furfurata da komai.

Sati ya bi sati. Na lura tana ɗan ɗingishi, na tambaya, ta ce ba komai, tsufa ne. Na lura ta koma yin alwala a ɗakinta, kuma safa ba ta fita daga ƙafarta ko da rana ta take. Na ce sanyin siminti ne. Ina da ido, ina da ilimin da nake taƙama da shi, amma ban ce a cire in gani ba. Wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Wata ranar Asabar da hantsi auta ta kira ni daga Tawa. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, kin duba ƙafar Inna kuwa? Ta ce mini takalmin nan ya ci mata yatsa, kuma wurin ya ƙi warkewa."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ai ya kwana biyu. Ta ce kada in gaya miki."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Bango ɗaya ne tsakanina da ita, tukunya ɗaya muke ci, amma sai labarin ƙafarta ya je Tawa ya dawo kafin in ji! Na ajiye waya na faɗa ɗakinta ko sallama babu. Na durƙusa na ce, "Inna, miƙo ƙafarki."

Ta ce, "Ke, tashi."

Na ce, "Wallahi ba na tashi. Miƙo!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ita ma ba ta saba ba. Na kama ƙafar hagun da kaina na zare safar. Safar ta manne. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi ƙirin, ga wari.

Ta ce, "Ba ya ciwo fa."

Ai shi ne mugun halin ciwon, yana kashe jin zafi, mutum na ruɓewa bai sani ba. Na fashe da kuka na ce, "Haba Inna! Don Allah me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce a hankali, "An yi ɗawainiya an sayo." Can kuma ta ƙara, "In an gani, za a ce a daina zuwa."

A asibiti likita ya ce yatsan ya mutu, sai an cire. Ko abin zai tsaya nan, ko zai hau sama, sai an ga yadda ciwon zai yi a kwanakin da ke tafe. Aka cire. Aka miƙo wa maigidana ɗan ƙunshi a farin ƙyalle, ya sa a aljihun riga ya nufi maƙabarta. Inna na kallonsa har ya fita. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, don na san da hannuna na jawo.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum da safe a kwance bandeji, in leƙa, in dubi fuskar likita kafin in dubi ƙafar. Sai da aka kwana goma sha wani abu ya ce naman ya yi ja, jini na isowa, ƙafa ta tsira. Ya ce tafiyar da ta yi a baya ta taimaka, kada a daina. Ya kuma ce daga yau dole wani ya riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowace rana, tun da ita ba za ta ji ba.

Inna ta ce, "A kira auta ta zo."

Na ce, "Auta na da gidanta. Ni na sayo takalmin, ni zan duba."

Ta ce, "Ji rashin kunya."

Na ce, "Na ji. Ni zan duba."

Farkon abin da faɗa muke yi. Sai na yi ta magiya, ta miƙo ƙafar tana ƙunƙuni, fuska a bango. Da ciwon ya warke muka koma sitad, da wani takalmi mai faɗi wanda likita da kansa ya duba. An yi wa ginin sabon fenti a lokacin, ta ce ɓarnar fenti ce, na da ya fi. Ta yi zagaye ɗaya da ƙyar, ta zauna a kan wani dakalin siminti kusa da inda ta ce murhunta yake. Na zauna gefenta. Mutane na ta wucewa ta gabanmu. Sai ta sunkuya ta kwance takalmin, ta ɗago ƙafar ta ɗora a cinyata, ba wanda ya roƙe ta. Idonta na can kan fitilu ta ce, "A duba."

Na duba.

Shekarun da suka rage mata haka muka yi su, zagaye, dakali, ƙafa a cinya. Wani zazzaɓi ne na kwana kaɗan ya ɗauke ta, da damina, a ɗakinta. Da za a yi mata wanka, tsofaffin unguwa suka ce in fita in huta, za su yi. Na ce su yi sauran, ƙafafu nawa ne. Na wanke ta dama, na wanke ta hagu, na bi tsakanin yatsun nan tara ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ƙwarzane.