Goggo Laure da Ta Ƙi Ashana

Shekara tara ke nan da aka kai Goggo Laure makwancinta a ƙauyenmu da ke bayan Yankara, cikin ƙasar Faskari. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama har ta kai ni ɗakin miji. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ko kun je ba kowa za ku tarar ba. Bayan rasuwarta da 'yan shekaru 'yan bindiga suka tashe mu, kowa ya kama gabansa. Ni Ƙanƙara na faɗo, kuma daga nan nake wannan rubutu.

Duk wanda ya san Goggo, da kasko a hannu ya san ta. Ba ta kwana da wuta a murhu, ba ta kuma ajiye ashana. Gari na wayewa za ta yafa mayafi ta ɗauki kaskon ta fita ɗaukar wuta, yau wannan gida, gobe wancan, har ta zagaye unguwar ta sake farowa. Idan baƙo ya ƙi zama akan ce masa, "Kamar ka zo ɗaukar wuta?" To wanda ya fara wannan magana bai san Goggo ba. Garwashin kan mutu a kaskon tana tsaye tana tambayar haƙoran jariri da ciwon ƙafar maigida, sai an sake zuba mata wani. Ni kuwa ina gida ina jiran kunu, cikina na kuka, ina ta ƙunƙuni.

Ɗanta, Yaya Sale, abin ya dame shi ƙwarai. Gani yake ana yi da shi a gari, wai ga shi magidanci amma uwarsa na bin gidaje roƙon garwashi. Wata ranar kasuwar Yankara ya dawo da ƙunshin ashana guda, ya dire a gabanta yana hura hanci. Ta ɗauki kwali ɗaya ta girgiza a kunne, ta ce, "Sale, wannan abin naka zai ce mani ina kwana?" Ya ce a'a. Ta ce, "To kai wa matarka." Har Allah ya ɗauki ranta ban ga ta ƙyasta ko tsinke ɗaya ba.

Sai da na girma na fara lura da hannunta. Idan ta durƙusa gaban murhun mutane, kafin ta taɓa itace sai ta ɗora bayan hannu a kan toka. Toka mai ɗumi, an ci tuwo jiya. Toka mai sanyi, an kwana haka nan. Wata damina da abinci ya yi wuya ta shiga wurin Tabawa, maƙwabciyarmu, ta iske murhun sanyi ƙalau. Tabawa ta hau kame-kame, wai itacen ne ya jiƙe. Goggo ta miƙe ta yi mata sallama. Ta dawo gida ta cika ƙwarya da gero ta koma, ta ce, "Ɗiyata, kafaɗar nan ta hana ni taɓarya. Surfa mani, ki ɗebi rabi ladan aikinki." Kafaɗar da da yammar ranar na ga ta faskara itace da ita! Tabawa ta sani, Goggo ta san ta sani, kuma ba wadda ta taɓa ɗaga maganar.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita ba mu aika wa kowa ba. Hantsi bai gama dubawa ba sai ga mata suna sallama ɗaya bayan ɗaya, don ba a ga ta fito ba. Wasu da garwashi suka zo a kaskonsu, suna cewa ko yau ƙiwa take ji. Allah Sarki. Da rana tsaka ɗakin ya cika har ba wurin ɗora ƙafa.

Yau ni nake kusan shekarunta na wancan lokaci. Malam, maigidana, ya rasu, yara suna Katsina da Kaduna, suna kira a waya, Allah ya yi masu albarka. Sun saya mani tukunyar gas, murɗawa ɗaya wuta ta kama. Gidan bulo ne, da dogon get na ƙarfe. Ba abin da na rasa, shi ya sa ba ni da dalilin shiga gidan kowa, ba kuma wanda ke da dalilin shigowa nawa. Wallahi akwai ranar da nake wuni ban buɗe baki ba sai a salla. Idan waya ta yi ƙara na ɗauka, sai na yi gyaran murya tukuna, don muryar ta dushe saboda rashin amfani. Kaɗaici ne, ba wani suna da zan ba shi. Wani lokaci ina shara sai in tsaya in tambayi kaina, in na faɗi a tsakar gidan nan, wa zai ce bai ga na fito ba?

Nakan ce da Goggo na nan da ta san yadda za ta yi. Amma anya kuwa? Yanzu tsohuwar da ke shiga gida-gida da sassafe tana tambayar ina maigida, yaushe zai dawo, an sayar da bijimin nan ko yana nan, kafin sati ya zagayo an ce infoma ce, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ban ga laifin mutane ba. An sha kwasar mutum a gonarsa, daga baya a ji da bakin na kusa aka yi. Tsoro ya sa kowa ya ja ƙofarsa ya kulle, mu da muka tsira da rai sai muka zauna kowa a ɗakinsa kamar masu takaba. 'Yan bindiga sun ƙwace mana shanu da gonaki, wannan kowa na faɗa. Ba mai faɗin cewa sun ƙwace mana shiga gidan juna.

Da can na ɗauka alheri ne kawai ke fitar da Goggo. Yanzu da na ɗanɗana zaman nan na gane ita ma buƙata gare ta. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ɗanta namiji ne yana gona, ni yarinya ce. Ta san in ta zauna shiru zai cinye ta, sai ta mai da kanta mai nema, ba mai bayarwa ba, don ba wanda ke jin nauyin buɗe wa mai nema ƙofa. Ba ta bar gona ko ɗan kunne ba. Abin da ta bari shi ne wannan rashin girman kai, kuma na daɗe ina kewaye shi ban ɗauka ba.

Akwai wata mata da ta tare a gidan da ke jikin nawa tun farkon damina. An ce daga wajen Sabuwa suka gudo, ban kuma taɓa jin muryar namiji a gidan ba. Watanni ina jin motsinta ta bayan katanga, tana jin nawa. Na yi ta neman abin da zan je aro, na rasa. Gishiri? Ga shago a bakin layi. Ranar da Goggo ta cika shekara tara da rasuwa na yi mata addu'a, na yafa mayafi na fita hannu biyu, kamar wadda za ta je gaban alƙali.

Na buga get ɗin na yi sallama. Na sake. Can na ji takun mutum ya matso, amma ba a buɗe ba.

"Wace ce?"

"Maƙwabciyarki ce, ta nan gefen."

"Lafiya? Wa ya aiko ki?"

Na tsaya ina laluben ƙaryar da za ta shige, ban samu ba. Sai na ce, "Ba wanda ya aiko ni, ɗiyata. Ni kaɗai ce a gidan can. Na gaji da hira da rediyo."

Har na fara gyara mayafi zan juya. Sai na ji ƙarar sakata. Ta leƙo, 'yar siririya, ba ta fi sa'ar autata ba, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Hajiya, ni ko rediyon ba ni da shi. Shigo."